Kiɗa da Kuɗin Ƙofa: Tarihin Gidajen Kiɗa da Lissafin Kulob ɗin Jaz a Ƙasar Jega

Kulob ɗin jaz gida ne da ake buɗewa da dare, makaɗa huɗu ko biyar su hau dandamali, jama'a su biya kuɗin shiga su zauna kewaye da tebura suna saurare, suna ci suna sha. Sana'ar ta tashi ne a biranen Amurka a farkon ƙarni na 20, ta bazu zuwa Turai, daga baya ta iso Legas. Ko irin wannan gida zai iya riƙe kansa a Jega ko Aliero ko Maiyama, lissafin haya da man janareta kaɗai ba za su faɗa ba. Sai an duba yadda kuɗi ya saba shiga hannun makaɗi a ƙasar Hausa, da wanda ke biya, da lokacin da yake biya, da kuma abin da ya riƙe gidajen kiɗan da aka taɓa buɗewa a Arewa har suka yi shekaru suna ci.

Jega gari ne da kasuwa ta raya. Wajen shekarar 1820 Buhari ɗan Malam Abdussalami ya yi mubaya'a ga Gwandu, ya kafa garin a bakin gulbin Zamfara, ba nisa da Gimbana inda mahaifinsa ya zauna da jama'arsa kafin dakarun Gobir su far musu. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kasuwar Jega ta shiga sahun manyan kasuwannin yammacin daular Usmaniyya. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a nan, ana kawo gishiri da kanwa daga arewa, tufafi daga Kano da Nufe, ga dawaki da shanu, har da bayi kafin a hana cinikinsu. Duk inda fatake suka sauke kaya akwai fatoma da dillali da mai abinci, akwai kuma makaɗi. Kiɗa ya daɗe cikin hada-hadar garin da ƙauyukan da ke cin kasuwarsa irin su Jandutsi, sai dai a fili ake yin sa, ba a gina masa ɗaki ba.

Ƙasar kuma ta malamai ce. Gwandu, mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, tana maƙwabtaka da Aliero da Jega, kuma shugabannin jihadi sun yi rubutu mai yawa a kan kiɗa. Sun soki kaɗe-kaɗen bori, da wasannin da maza da mata ke cakuɗuwa, da roƙon da ake haɗawa da zambo don a tatsi mutane. Sun bar tamburan yaƙi da gangar shela da abin da ake kaɗawa don sanar da aure. Wannan rarrabewa ba ta kashe kiɗa ba, amma ta bar wata ƙa'ida da har gobe take aiki a zukatan mutane. Kiɗan da ke da dalili, na biki ko sarauta ko noma ko salla, ana karɓarsa hannu bibbiyu. Wanda aka taru dominsa shi kaɗai, da dare, a bayan katanga, kallon zargi ake yi masa tun kafin a ji abin da ake kaɗawa.

Makaɗin Hausa ya saba cin abinci ta hanyar ubangida. Na fada yana da sarkinsa, wanda ke ba shi gida da gona da sutura da doki, shi kuma ya riƙe sunan gidan sarauta a bakin duniya. Haka Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi da Sarkin Musulmi, Aliyu Ɗandawo da fadar Argungu kafin ya koma Yawuri, inda ɗansa Sani ya gaje shi. Makaɗin sana'a kuwa jama'ar sana'ar ce ubangidansa: manoma da maƙera da mahauta da mafarauta da 'yan dambe kowa da nasa. Ɗan Anace ya yi suna da 'yan dambe, musamman Shago. Ƙasar Maiyama ta fitar da wanda ya fi kowa nuna iyakar wannan tsari, wato Muhammadu Gambu na Fagada, wanda ya shahara da yi wa ɓarayi waƙa kafin daga baya ya bayyana tubarsa. Ko mutanen da ke ɓoye sana'arsu sun so a wasa su, kuma sun biya.

Yadda biyan ke gudana shi ne abin lura. Makaɗi ba ya yanka farashi a wajen wasa. Yana zuwa da 'yan amshinsa da masu kalangu ko kotso, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a dandali, duk mai ƙafa ya zo ya tsaya. Idan waƙa ta biyo ta kan wani, aka ambaci sunansa da na ubansa da garinsu, sai ya taso ya liƙa kuɗi a goshin mawaƙi, ko ya miƙa wa sanƙira. Sanƙira ya ɗaga abin sama, ya sanar da taro cewa wane ɗan wane ya ba da kaza, ya ƙara masa da kirari. Abokin hamayyarsa a kasuwa ko a neman aure yana gefe yana ji, ba kuwa zai yarda a bar shi a baya ba. Da haka kyauta ke hawa, daga kuɗi zuwa babbar riga, zuwa doki, a zamanin baya-bayan nan zuwa babur da mota da kujerar Makka. In an tashi a koma masauki a zube abin da aka samu, maigida ya ɗebi kasonsa, ya raba wa yaransa gwargwadon matsayin kowa. Ɗaruruwan da suka tsaya suka saurara ba su biya ko anini ba, kuma babu mai ganin sun ci bulus, domin taronsu shi ne ainihin abin da mai kyauta ya saya. Yana biya ne don a yabe shi a gaban shaidu, kuma yawan shaidu shi ke ƙara wa yabon daraja. A irin wannan ciniki, katanga da mai tikiti a bakin ƙofa hasara ce ga makaɗi, tunda suna rage masa taro, su kuma rage wa mai kyauta dalilin buɗe aljihu.

Gidan kiɗa mai ƙofa da lasisi ya zo ne da Turawan mulkin mallaka, kuma ya zo ɗaure da giya. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, Gwamna Lugard ya ɗora Arewa a kan wannan, dokar giya ta 1917 kuma ta raba ƙasa zuwa inda aka haramta sayarwa da inda ake bayar da lasisi. Inda ake bayarwa shi ne unguwannin Turawa da kulob-kulob ɗinsu, sai Sabon Gari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, mutane masu albashin wata waɗanda suka baro iyalansu nesa. Su ne suka cika otal-otal na Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna da Jos, inda ake kaɗa hailaif da kayan busa na Turawa. Yawancin masu busan daga badujalar soja da ta 'yan sanda da makarantun mishan suka koyo hannu. Mai otal yana sayen kayan kiɗa ya ajiye, ya ɗauki makaɗa aiki, ribarsa kuwa tana cikin kwalaben da aka sha kafin gari ya waye.

Dogo bai zo Jega ba. Reshen da ya nufo yamma daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, ko Sakkwato bai kai ba. Gyaɗa da auduga suka bi dogo, manyan kantunan Turawa suka bi su, Jega ta ci gaba da zama babbar kasuwar ƙasa ba tare da ta tara rundunar ma'aikata masu albashi irin ta Kaduna ko Gusau ba. Wannan giɓi na shekarun 1920 yana cikin dalilan da suka sa al'adar fita kulob ba ta yi saiwa a wannan yanki ba.

A cikin garuruwan Hausa abin da ya fi kusa da gidan kiɗa na dindindin shi ne gidan magajiya, inda masu goge da garaya ke wasa, kuma sunan da wannan gida ya yi ya shafi duk wani wurin nishaɗi da aka kewaye. Sinima ma ta sha wannan kallo. An buɗe Rex a Kano a 1937, malamai suna ƙyamar abin, kuma da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a 1951 ta kashe mutum 331, mutane da dama sun ɗauke ta a matsayin ishara.

Jaz kansa ya taɓa leƙo Arewa da babban baƙo. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, Louis Armstrong ya zo Najeriya da ƙungiyarsa, ya kai har Kaduna inda ya gana da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Kamfanin Pepsi-Cola ne ya ɗauki nauyin zangon Gana da Najeriya don tallata lemonsa, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki sauran rangadin. Wato ko sarkin busan duniya da ubangida ya zo. A Legas, inda aka fi ko'ina masu kunnen wannan kiɗa, Bobby Benson ya riƙe kulob ɗinsa na Caban Bamboo ne da haɗa jaz da hailaif da rawa da barkwanci, daga baya wurin ya zama otal. Fela Ransome-Kuti ya dawo daga Landan a 1963 da niyyar kaɗa jaz zalla, ya kafa ƙungiyar mutum biyar yana kuma aiki a gidan rediyo, jama'a ba su taru ba. A 1965 ya sake tsari da Koola Lobitos, ya gauraya jaz da hailaif, sai da ya ƙara da waƙa cikin harshen da talaka ke ji sannan gidansa ya cika. Jazz 38 da Tunde da Fran Kuboye suka riƙe a titin Awolowo na Ikoyi ya yi suna a shekarun 1980 da 1990, amma unguwar attajirai da ma'aikatan jakadanci ce, uwargidan kuma likitar haƙori ce mai aikinta.

A Arewa wanda ya fi kowa kusantar wannan mafarki shi ne Bala Miller, ɗan asalin Zariya da aka haifa a 1928. Ya daɗe yana aiki da kamfanin giya na Nigerian Breweries, ya riƙe Costain Club a Kaduna, ya kuma kafa babbar ƙungiya mai kayan busa da jita da ganguna wadda ke waƙa da Hausa, har ta samu shiri nata a talabijin na ƙasa. Kadunar wancan lokaci tana da abin da kulob ke buƙata. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu masaƙu suka biyo ta a Kakuri, kamfanin giya ya buɗe a 1963, ga barikokin soja, ga ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa, ga ƙarin albashin Udoji na 1974 da kuɗin man fetur. A wannan zamani ne makaɗan Hausa su ma suka shiga otal. Masu kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka sun yi tashe a wuraren shaƙatawa na birane, Mamman Shata ya yi wasa a otal da sinima da filayen wasa. Sai dai sun shiga ne da tsohon tsarinsu. Ko an karɓi kuɗin ƙofa, babban abin da makaɗi ke komawa gida da shi liƙin direbobi da 'yan kwangila da 'yan kasuwa ne. Mai gida ya ci ta hanyar abin sha, mawaƙi ya ci ta hanyar yabo, kuɗin tikiti ya tafi ga wutar lantarki da masu gadi.

Akwai wani baƙo da labarinsa ya fi na Armstrong amfani ga mai wannan lissafi. Yusef Lateef, Ba'amurke Musulmi kuma ɗaya daga cikin manyan masu busa na jaz, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya nazarci sarewar Fulani, ya yi aiki da makaɗan gargajiya, ya fitar da faifai a kan zamansa a Najeriya, ya kuma haɗa hannu da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa. Tun wajen 1980 ya daina wasa a duk inda ake sayar da giya. Wannan shawara ta fitar da shi daga yawancin kulob-kulob na ƙasarsa, sauran rayuwarsa ta kiɗa ta koma jami'o'i da zaurukan taro, ya daɗe yana rayuwa da koyarwa kafin rasuwarsa a 2013. Ya nuna cewa jaz na iya rabuwa da kwalba, ya kuma nuna abin da rabuwar ke ci.

Gidajen kiɗan Arewa sun fara mutuwa tun kafin a hana su. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun kwashe yawancin masu otal da makaɗan Sabon Gari na ɗan lokaci. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi, masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya har babbarsu ta tsaya a 2007. Kaset ya sa mutum na iya jin Shata ko Ɗanƙwairo a shagonsa ba tare da ya je ko'ina ba. Finafinan Hausa na bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990 sun zo da fiyano, wadda yaro ɗaya zai zauna a situdiyo ya fitar da sautin ƙungiya guda da ita. Sannan shari'a ta zo: Zamfara ta ƙaddamar a 1999, Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta bi sahu a shekarar 2000. Sayar da giya a fili ya zama laifi a garuruwan Musulmi, hukumomin Hisba suka sa ido a kan gidajen gala da na solo da duk taron dare da ke haɗa maza da mata. Ginshiƙin da kulob irin na Sabon Gari ya tsaya a kai ba ya nan a Jega ko Aliero ko Maiyama, doka ba ta yarda da shi ba, jama'ar gari ma ba su yarda ba.

Ko a ƙasar da aka haifi jaz, kiɗan bai cika biyan hayar ɗakinsa ba. Cotton Club na unguwar Harlem, inda Duke Ellington ya yi suna daga 1927, 'yan fasa-ƙwaurin giya ne suka riƙe shi a zamanin da Amurka ta haramta barasa. A 1944 gwamnatin Amurka ta ɗora harajin kashi 30 cikin 100 a kan wuraren da ake rawa da waƙa, ta rage shi zuwa 20 bayan 'yan watanni, manyan zaurukan rawa da yawa suka rufe, masu gidaje suka koma ɗaukar ƙananan ƙungiyoyi da ake zama a saurara kawai. Siffar kulob ɗin jaz da aka sani yau, ƙaramin ɗaki da makaɗa kaɗan, tana da nasaba da wannan haraji. Village Vanguard na New York, wanda aka buɗe a 1935, kujera 123 gare shi, yana cikin birni mai miliyoyin mutane da baƙi daga ko'ina. Ronnie Scott's na Landan, da aka buɗe a 1959, ya sha kai wa bakin rufewa saboda bashi. Gida guda da ya shahara da rashin sayar da abin sha shi ne Preservation Hall na New Orleans, wanda ya fara a 1961. Benci ne a ciki, wasa gajere ne, ana yin sa sau da yawa a dare ɗaya, a fitar da wasu a shigo da wasu. Abin da ke riƙe shi masu yawon buɗe ido ne da ba sa yankewa, da ƙungiyarsa mai rangadin duniya, da gidauniyar da ke karɓar gudummawa.

Abin da aka faɗa a baya a kan liƙi ba ya nufin Bahaushe ba ya biyan kuɗin ƙofa. Yana biya, kuma gidan dambe ne shaida. Bayan an kawar da amfanin gona, mai gidan dambe yana kewaye fili da zana ko kwano, ya bar ƙofa ɗaya, ya ajiye mai tikiti da ƙarti biyu. La'asar na yi masu kalangu su fara zuga, ana jin su tun daga bakin kasuwa. Shi ya ɗauko 'yan damben daga garuruwansu, shi ke ba su masauki da abinci da sallama, makaɗa kuma su samu nasu daga liƙin 'yan kallo da na 'yan wasan da aka kaɗa wa take. Kafin magariba ta yi nisa an watse. Gidan kallon ƙwallo ma haka yake tafiya da benci da talabijin da janareta. Abin da waɗannan gidaje biyu suka haɗa a bayyane yake: kuɗin shiga kaɗan ne, taron maza ne, akwai gasa da ba a san wanda zai yi nasara ba, ginin ba shi da tsada, kuma dambe yana bin kaka, ya tashi in kuɗi sun ƙare a hannun manoma. Na uku shi ne zauren biki na zamani, inda mai aure ke biyan hayar wuri da mai sa kiɗa ko mawaƙi, baƙi su shiga kyauta su yi liƙi. Wannan tsohon tsarin ubangida ne aka yi wa rufi da fanka.

Da wannan tarihi za a auna kulob ɗin jaz a ƙasar Jega. Ta fuskar masu zuwa, yankin ba matalauci ba ne. Jega mahaɗar hanyoyi ce, ta Sakkwato da Tambuwal, ta Birnin Kebbi, da wadda ta bi ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri da Kwantagora. Aliero ta yi suna da albasa har ƙasashen maƙwabta, da masu ɗorin ƙashi da ake zuwa nema daga nesa, tana kuma da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006. Noman shinkafa ya ƙara ƙarfi tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a 2015. Amma kuɗin albasa da shinkafa na lokaci ne, suna zuwa a dunƙule bayan girbi, su tafi ga aure da gini da aikin Hajji da jarin baɗi. Attajirin albasa zai iya yi wa mawaƙi kyautar da ta fi cinikin kulob na wata guda, ba kuwa zai so a gan shi yana shiga gidan kiɗa da dare ba. Masu sha'awar zama su saurari sabon sauti, wato ɗalibai da malaman jami'a da 'yan hidimar ƙasa da ma'aikatan banki da na asibiti, su ne marasa yawa, ɗalibai kuma aljihunsu bai da nauyi, suna kuma watsewa da hutu ko yajin aiki.

Ta fuskar kashe kuɗi, lissafin ba shi da wuya. Gida mai kujera 60 da ke wasa dare biyu a mako kujera 120 yake da ita ta sayarwa, ko da kullum ya cika maƙil. A cire watan azumi, a cire tsakiyar damina lokacin da hannu ya bushe kuma ruwa ke hana fita, a cire makonnin da jami'a ke rufe. Daga abin da ya rage za a biya haya, da lasisi da harajin ƙaramar hukuma, da masu gadi, da makaɗa biyar, da man janareta wanda farashinsa ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Fiyano da kayan busa da lasifika duk daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu, mai gyaransu kuma ba a kusa yake ba. Matsalar tsaro da ta addabi Arewa maso Yamma ta sa mutane sun rage tafiyar dare tsakanin garuruwa, don haka ba a dogara da masu zuwa daga Birnin Kebbi su koma bayan sha biyu. Shayi da zoɓo da fura da tsire da gasasshen kifi suna da riba, amma ribar kofin shayi ba ta kusa da wadda masu otal na Sabon Gari suka riƙa samu a kwalba, mutum kuma ba ya shan kofi shida a zama ɗaya. Kulob da aka kwafo daga New York ko Ikoyi, mai buɗewa kowane mako yana jiran tikiti ya biya komai, zai cinye uwar kuɗinsa kafin ya ga riba.

Kunnen jama'a ba shi ne cikas ba, kuma wannan ya kamata a faɗe shi don a yi wa kiɗan adalci. Jaz ya ginu ne a kan ƙirƙira nan take da kira da amshi, abubuwan da duk wanda ya taɓa ganin Shata yana ƙaga waƙa a tsaye ya san su. Mai gurmi ko kukuma ko algaita zai iya zama da mai fiyano su fahimci juna cikin awa guda, kamar yadda aikin Lateef a Zariya ya tabbatar, kamar kuma yadda ƙungiyar Mamar Kassey ta Yamai ta haɗa sarewa da molo da jitar lantarki ta zaga duniya da su. Bambancin shi ne mai sauraron Hausa magana yake bi. Yana son ya ji azanci da habaici da sunan wanda ya sani, ko kalangu ma don yana faɗin take ake ƙaunarsa. Busa ta minti goma da babu baiti a cikinta sai an koya wa kunne ita, koyarwar kuma tana cin lokaci da kuɗi.

Siffar da tarihin yankin ya nuna za ta iya tsayawa ta fi kulob ƙanƙanta. Wasa ne na lokaci-lokaci, a rani bayan an kwashe albasa ko a bukukuwan salla, daga la'asar zuwa isha, a wurin da wata sana'a ta riga ta biya hayarsa, kamar gidan abinci ko zauren biki ko ɗakin taron jami'a, da wurin zaman iyali a keɓe da sanin hakimi da Hisba tun kafin a buga sanarwa. Ƙungiyar ta zama gauraye, kayan gida da na waje, da mawaƙi mai Hausa a gaba, a bar ƙofar liƙi a buɗe. Sannan a samu mai ɗaukar nauyi, kamfanin sadarwa ko na shinkafa ko hukumar al'adu, kamar yadda bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934, ya daɗe yana tafiya da tallafin gwamnati da na kamfanoni. A irin wannan tsari ribar mai wuri tana cikin abinci da hayar zaure da sunan da wurin zai yi a wajen masu neman inda za su yi biki.

Abin da zai fi wuya shi ne makaɗan kansu. Masu kalangu da gurmi da kukuma suna nan a ƙasar Kabi da Zamfara, ko da yake matasa masu gadon sana'ar suna raguwa tun da fiyano ta karɓe bukukuwa. Masu iya kayan busa na Turawa kuwa har yanzu daga inda suka saba fitowa suke fitowa, wato badujalar soja da ta 'yan sanda da ƙungiyoyin coci, yawancinsu a manyan birane kamar Kaduna da Jos da Abuja. Ɗauko su zuwa Jega na nufin kuɗin mota da masauki a kan kowane wasa, horar da 'yan gida kuma aikin shekaru ne da sai makaranta ko jami'a ta ɗauka, irin yadda Nijar ta yi da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ta buɗe a Yamai a ƙarshen shekarun 1980.